Yadda Muka Sake Fasalin Fad ɗin Gem a Aikinmu na Kammala Karatu

A shekarar ƙarshe ta karatunmu na babbar difloma a sashen injiniyan lantarki, an haɗa mu mu uku a rukuni ɗaya, aka kuma amince da taken aikin da muka gabatar, wato ƙera na'urar sarrafa wasan kwamfuta, wadda yaran gidajen gem a nan Birnin Kebbi suke kira fad. Tsarin da muka fara zanawa kwaikwayo ne na fad ɗin PlayStation, wanda siffarsa ba ta sauya sosai ba tun da kamfanin Sony ya fito da DualShock a 1997: sandunan juyawa biyu na babban yatsa, maɓallan alkibla huɗu a hagu, huɗu na aiki a dama, wasu huɗu a kafaɗa, da ƙananan motoci biyu masu sa shi karkarwa a hannu. Mun ƙara masa Bluetooth da batirin 18650, irin wanda ake cirowa daga tsofaffin batiran laftof, domin muna ganin abin da ba ya buƙatar waya zai fi ɗaukar hankalin masu jarrabawa.

Ƙwaƙwalwar na'urar ita ce allon Arduino Uno, saboda shi muka saba da shi a ɗakin gwaje-gwaje. Aisin da ke kansa, wato ɗan guntun lantarki mai sarrafa umarni, ATmega328P, ba ya magana da USB da kansa, sai wani ƙaramin aisi na biyu ya yi masa tafinta, don haka idan an jona Uno a kwamfuta ba ta ganin fad, sai dai wata kafa da haruffa suke shigowa ta cikinta. Haka ma na'urar Bluetooth da muka saya, HC-05, haruffa kawai take turawa. Dole muka rubuta wata manhaja da Python a laftof, wadda aikinta shi ne ta karanta haruffan ta mayar da su danne-dannen kibod, sannan wasan ya karɓa. Abin ya yi aiki a kan allon gwaji, amma hanyar ta yi tsawo. HC-05 yana zuwa ne a saite kan bit 9600 a sakan ɗaya, kuma kowane harafi yana cin bit 10, wato haruffa 960 ke wucewa a sakan. Saƙon da muke turawa a kowane zagaye ya kai haruffa 30, kenan fiye da milisakan 30 sun tafi a kan hanya, ga kuma jiran milisakan 50 da muka sa a cikin umarnin manhaja don kada dannawa ɗaya ta zama biyu. Wasan da ke nuna hotuna 60 a sakan yana sauya hoto ne duk bayan milisakan 16.7, saboda haka hotuna kusan biyar suke wucewa kafin ɗan wasan da ke kan allo ya san an taɓa maɓalli. Wani yaro da muka ba ya gwada da wasan ƙwallo bai yi minti biyu ba ya miƙo mana, ya ce, "Yaya, wanga fad naku nauyi garai, sai an amshe ƙwallo kana shi buga."

Wannan matsala tana da magani, domin ana iya ɗaga gudun HC-05 zuwa 115200, a kuma taƙaita saƙon, kuma da shirin yin hakan muka je wurin malamin da ke duba aikinmu. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya karɓi takardar lissafin kayan da muka saya ya yi ta dubawa. Ya ce idan ya aiki yaro kasuwa a lokacin, zai sayo masa fad ƙirar Sin da kuɗin da bai kai na allon Uno kaɗai ba, kuma da an jona shi zai kama aiki, to mene ne namu yake yi wanda wancan ba ya yi? Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai namu ƙirar gida ne." Malam ya ɗaga allon, ya ɗaga HC-05, ya ɗaga sandar juyawa, ya tambaye mu wanne ne a ciki aka ƙera a Kebbi. Bai soke taken aikin ba, amma ya ce kada mu sake taɓa ƙarfen narka dalma sai mun je mun zauna da masu amfani da fad da masu gyara, mun dawo masa da dalilin da zai sa wani ya nemi namu.

Mun zaga gidajen gem da dama a cikin gari, muka kuma zauna da masu gyaran waya da rediyo a kusa da babbar kasuwa. A wani gida mai wurin ya jawo kwali daga ƙarƙashin benci cike da matattun fad, ya ba mu izinin buɗe su. Laifinsu kusan iri ɗaya ne. Wasu wayarsu ce ta karye a daidai inda take shiga jikin fad, saboda yara suna fizgarta idan wasa ya yi zafi. Wasu robar da ke ƙarƙashin maɓallan bugu da ba da ƙwallo ce ta yage, ko baƙin kabon da ke jikinta ya goge. Sauran kuwa sandar juyawa ce ta lalace, har ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai ba tare da an taɓa ta ba. A cikin kowanne mun tarar da ƙurar hunturu mai laushi ta cuɗu da gumin hannu ta zama dauɗa mai danƙo a kan allon da kewayen sanda. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a mafi yawansu ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, wani ɗan abu mai motsi wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba ne ya kashe na'urar baki ɗaya. Wani mai gyara ya shaida mana cewa ya daina karɓar aikin fad, domin kafin ya samo sandar da ta dace, ya cire tsohuwar daga allo mai rauni, ladan aikinsa ya kusa kuɗin sabo, kuma aisin kansa an rufe shi da ɗigon baƙin gam, ba a iya cire shi.

Dalili na biyu a gidanmu yake. Ina da ƙane, ɗan baffana, wanda shan inna ta shanye masa hannun dama tun yana ƙarami. An tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu a kowace unguwa. Na daɗe ina ganinsa yana wasa, sai a wannan karon na zauna na lura da yadda yake yi. Yakan ɗora fad a kan cinyarsa ta hagu, ya kifa tafin hannunsa a kai, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna tura sanda, babban yatsa kuma yana miƙewa can dama ya danna maɓallan bugu. Maɓallin gudu da ke kafaɗar dama ba shi da yatsan da zai kai gare shi, sai dai ya tokare shi da gwiwa, kuma da ya yi haka sai fad ɗin ya zame. Duk ƙwarewarsa, ba ya iya gudu da ƙwallo ya buga a lokaci guda, abokan wasansa kuma sun san haka, suna cin moriyarsa.

Da waɗannan abubuwa biyu muka koma wurin Malam da takarda shafi ɗaya. Mun rubuta cewa sabuwar na'urar za ta kasance wadda ake ajiyewa a kan cinya ko tebur, a sarrafa ta da hannu ɗaya da ƙafa, cewa kwamfuta za ta gane ta ba tare da an sa wata manhaja ba, kuma duk wani abu mai motsi a cikinta za a iya sauya shi da sukurudireba kawai, ba sai an narka dalma ba. Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A 2018 kamfanin Microsoft ya fito da Xbox Adaptive Controller domin masu buƙata ta musamman, wani faffaɗan akwati mai manyan maɓallai biyu a sama da ramuka 19 a baya, irin ramin iyafis mai milimita 3.5, inda ake jona kowane irin maɓalli da ya dace da jikin mai wasa. Kuɗinsa lokacin da ya fito kusan dala 100 ne, ban da maɓallan da za a saya daban. Mun ari dabarar ramukan daga gare shi, muka kuma rubuta hakan ɓaro-ɓaro a babi na biyu na rahotonmu.

Cire Bluetooth ya jawo gardama a tsakaninmu, domin abokin aikinmu ɗaya yana ganin masu jarrabawa za su ɗauki komawa ga waya a matsayin ci baya. Lissafi ne ya raba gardamar. Batirin 18650 yana buƙatar da'irar caji da ta kariya, da wata da'irar da za ta ɗaga ƙarfinsa zuwa bolt 5, kuma baturi irin wannan a rufe cikin akwatin katako a zafin watan Afrilu, lokacin da awon zafi yake haura 40, ba abin da zan so in ɗora a cinyar yaro ba ne. Kafar USB kuwa tana ba da bolt 5 da wutar da ta kai miliamfiya 500, alhali da'irarmu ba ta shan ko kashi ɗaya cikin biyar na hakan. Motocin karkarwa ma muka ajiye su, tunda ba wanda ya ambace su a cikin waɗanda muka tattauna da su.

Babban sauyin da aka yi a ɓangaren lantarki shi ne maye gurbin Uno da allon Pro Micro, mai ɗauke da aisin ATmega32U4, irin wanda ke kan Arduino Leonardo. Ba mu same shi a Birnin Kebbi ba, daga Legas aka aiko mana ta mota, muka je tasha muka karɓa. Wannan aisi yana da USB a jikinsa, don haka yana iya gabatar da kansa a matsayin na'urar HID, wato ajin da kibod da linzamin kwamfuta suke ciki. Da zarar an jona shi, sai ya miƙa wa kwamfuta bayanin kansa, cewa yana da maɓallai 16 da layukan juyawa huɗu, ita kuma ta riga ta san yadda ake mu'amala da irinsa, ko Windows ce ko Linux ko Android. Daga nan kwamfutar ce take tambayarsa halin da maɓallai suke ciki, kuma ana iya saita tambayar ta zama duk bayan milisakan ɗaya. Ranar da muka buga joy.cpl, umarnin da ke buɗe shafin gwajin fad a Windows, muka ga na'urarmu ta bayyana a jerin fad, manhajar Python da muka sha wahalar rubutawa ta tashi daga aiki.

Pro Micro yana da ƙafafu 18 da za a iya amfani da su. Huɗu sun tafi ga sanduna biyu, ɗaya a jikin akwati, ɗaya ta zaɓi da ake jonawa daga waje, ragowar 14 kuma ba za su ishi maɓallai 16 da ƙwan nuna aiki da maɓallin saiti ba. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce a jera maɓallan a layuka da ginshiƙai yadda ake yi a kibod, amma tana da illa biyu a wurinmu: idan an danna uku a lokaci guda na huɗu yakan bayyana da kansa sai dai idan an sa wa kowane maɓalli dayod, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kuma maɓallin da ke can ƙarshen doguwar waya ya fi sauƙin sha'ani idan ƙafarsa ɗaya tana kan layin nagatif kai tsaye. Sai muka koma ga tsohuwar dabara. Fad ɗin na'urar Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a 1983 yana da maɓallai takwas da aisi guda ɗaya tak, 4021, wanda yake ɗaukar halin maɓallan takwas a lokaci guda, sannan ya tura su ɗaya bayan ɗaya ta waya guda. Har yau ana sayar da CD4021 da araha. Mun haɗa biyu a jere, suka ba mu mashiga 16 da ƙafafu uku kacal na Pro Micro, kuma karanta su duka ba ya cin rabin milisakan. Ba mu manna su da dalma a kan allo ba, a soket muka zaunar da su, yadda idan ɗaya ya ƙone za a zare shi a sa wani.

Inda muka fi daɗewa shi ne batun tsallen maɓalli. Idan aka danna maɓalli, ƙarafuna biyu da ke cikinsa ba sa haɗuwa su tsaya nan take, sukan haɗu su rabu sau da yawa cikin 'yan milisakan kafin su natsu. Mun ga wannan da idonmu a kan osiloskof na ɗakin gwaji, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta: layin wuta ya faɗo daga bolt 5 zuwa sifili, ya yi sama, ya sake faɗowa, ya yi 'yan ƙananan haƙora, sannan ya kwanta. Jiran milisakan 50 da ke cikin tsohon tsari yana tsayar da komai ne, har da sauran maɓallai da sanda. A sabon tsari kowane maɓalli yana da agogonsa, da an ga sauyi na farko sai a tura shi nan take, sannan a kau da kai daga wannan maɓalli kaɗai na tsawon milisakan 5. Wannan ya yi kyau har ranar da muka jona madannin ƙafa da waya mai tsawon mita biyu. Duk lokacin da aka kunna fankar silin ko aka juya wuta zuwa janareto, sai ɗan wasa ya zabura da gudu ba wanda ya taka komai. Doguwar wayar ta zama eriya tana kwasar tartsatsin wuta, manhajar kuma tana gaskata sauyi na farko da ta gani. Mun murɗe wayoyin biyu da juna, muka kuma sa kafasita mai nanofarad 100 a kowace mashiga tare da razista mai kilo-om 10. Ninka su ya ba da milisakan ɗaya, wanda ya isa ya haɗiye tartsatsin, kuma jinkirin yana faɗawa ne a kan sakin maɓalli kawai, domin a lokacin dannawa kafasitar tana zubar da cajinta ne kai tsaye ta cikin maɓallin.

Sandar juyawa ba wani abu ba ce illa bolum guda biyu masu kilo-om 10, irin na ƙara muryar rediyo, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. Aisin yana karanta kowanne a matsayin lamba daga 0 zuwa 1023, tsakiya kuma ya kamata ta zama 512, sai dai ba mu ga sandar da ta tsaya cif a wurin ba, kuma duk lokacin da kabon ɗin cikinta ya ƙara gogewa tsakiyar tana ƙara gusawa. Wannan ne yake sa ɗan wasa tafiya shi kaɗai. Akwai sanduna masu aiki da maganaɗisu, waɗanda ba abin da ke gugar wani a cikinsu, kuma kamfanin Sega ya yi amfani da irinsu a fad ɗin Dreamcast tun 1998, amma samunsu a nan yana nufin jiran saƙo daga ƙasar waje, abin da ya saɓa wa sharaɗinmu na gyara a gida. Sai muka bi ta hanyoyi biyu. A cikin manhaja, idan aka riƙe maɓallin saiti, na'urar tana auna sabuwar tsakiya da iyakar kowane gefe, ta adana a ma'ajiyar EEPROM ta aisin, wadda ba ta mantuwa ko an cire wuta, sannan ta yi watsi da duk ɗan motsin da ke cikin wani ƙaramin kewaye na tsakiyar. A jikin akwati kuma sandar tana kan ɗan allonta daban, sukuru huɗu da fulogi ɗaya ne suke riƙe da ita.

Siffar akwatin daga hannun ƙanena ta fito. Mun sa ya kifa hannunsa na hagu a kan takarda a sake, muka zana kewayensa, muka yi alama a inda kan kowane yatsa ya sauka. Zanen ya nuna mana cewa tsarin fad na kasuwa a juye yake ga mai hannu ɗaya: babban yatsa, wanda ya fi kowanne iya kewayawa, shi ya kamata ya riƙe sanda, sauran huɗun kuma kowanne ya zauna a kan maɓallinsa a jere mai lanƙwasa. Mun yi samfura da kwali yana gwadawa muna gusar da ramuka. Maɓallan gidan wasa masu faɗin milimita 30 sun yi wa hannunsa nisa da juna, muka koma masu milimita 24, waɗanda wayoyinsu ake cusawa da ƙananan fulogi. Ragowar maɓallan da ba a cika buƙata a tsakiyar wasa ba muka jera su a layi na biyu daga sama.

Da muka kai zanen wurin wani dattijon kafinta, ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Wanga akwati na mi na, ɗana?" Na ce, "Baba, na wasan yara ne, amma jarrabawarmu ce." Shi ya ba da shawarar a yi bangon da katako mai kauri, faifan sama kuma da falawud mai milimita 6, a ɗaure da sukuru maimakon ƙusa ko gam. Mun yarda nan take, domin gam na kyandir da muka liƙa tsohon samfurin da shi ya riga ya saki tun da zafi ya shigo. Ba shi da bakin huda mai milimita 24, sai ya huda da ƙarami, ya faɗaɗa kowane rami da sanfefa da ya naɗe a jikin sanda, yana gwada maɓalli a ciki har ya zauna daram. Shi ne kuma ya lura cewa tunda ramukan sun ratsa faifan, kuma akwatin daidai yake ta kowane gefe, ana iya kwance faifan a kifa shi, sai ya zama na mai amfani da hannun dama. Ba mu yi tunanin wannan ba a zanenmu, amma ya shiga rahoton a matsayin ɗaya daga cikin manyan siffofin na'urar.

Saura maganin ƙura. Ramin da sanda take leƙowa ta ciki shi ne babbar ƙofar da take shiga, sai muka je wurin wani baduku, ya yanko jar fatar akuya mai laushi, ya tattare ta a wuyan sandar ya ɗinke kamar bakin zabira, muka danne gefenta da zoben falawud. Fatar ba ta hana sandar komawa tsakiya, kuma idan ta bushe ɗan man kaɗanya ya ishe ta. Madannin ƙafa kuwa katako biyu ne da hinjin taga da sifirin na birkin babur, da ƙaramin maɓalli mai harshe a tsakani. Game da waya, ramin USB na Pro Micro ƙarami ne, kuma an san shi da ɓallewa daga allo idan aka fizge shi, don haka muka ɓoye shi a ciki, muka fito da babban rami irin na firinta a bayan akwati, muka ɗaure shi da sukuru. Idan waya ta karye, kowane shagon buga takardu ya san inda ake sayar da irinta.

Domin auna jinkiri ba mu da wata na'ura ta musamman, wayar hannu muka yi amfani da ita, mai ɗaukar bidiyo hotuna 240 a sakan, wato kowane hoto milisakan 4.2 ke nan. Mun haɗa ƙaramin ƙwan LED da maɓalli yadda zai kama da zarar an danna, muka saita kyamara ta ɗauki ƙwan da allon laftof tare, sannan muka ƙirga hotunan da ke tsakanin kamawar ƙwan da motsin da ya bayyana a allo. Mun yi wa tsohon tsari, da sabo, da fad na kasuwa, a kan laftof ɗaya. Tsohon ya kasance a baya da tazara mai yawa, sabon kuwa bambancinsa da na kasuwa bai wuce abin da kuskuren ƙirga zai iya haifarwa ba, kuma haka muka rubuta, ba mu ce ya fi shi ba. Mun kuma rubuta iyakarsa. Yana aiki a kwamfuta da wayar Android ta hanyar OTG, wato ɗan mahaɗin da ke ba waya damar karɓar na'urar USB, amma wasu sababbin wasannin Windows suna neman tsarin XInput na fad ɗin Xbox, sai an bi ta wata manhaja mai fassara irin x360ce. PlayStation 4 kuwa tana neman shaidar lasisi daga fad, wanda ba shi da ita sai ta yanke shi bayan 'yan mintuna, saboda haka ba mu sa ta a cikin abin da muka yi alkawari ba, duk da cewa a lokacin ita ce ta fi yawa a manyan gidajen gem da muka zaga.

Gwajin da ƙanena ya yi ya jawo gyare-gyare na ƙarshe. Akwatin yana zamewa a kan cinya, muka liƙa masa yankan tiyub na babur a ƙasa. Wuyan hannunsa yana gajiya, muka ɗaga bayan akwatin kaɗan, muka kuma sa matashi na soso a gaba. Sifirin na madannin ƙafa ya yi tauri ga wanda zai riƙa taka shi tsawon wasa, muka gusar da shi kusa da hinji. Da farko wasansa ya lalace, domin yatsun da suka shekara suna tura sanda yanzu an ce su danna maɓalli, har ya nemi a mayar masa da tsohon fad ɗinsa. Sai da ya saba sannan ya fara gudu da ƙwallo ta gefen fili ya ɗago ta cikin raga ba tare da ya tsaya ba.

A ranar kare aiki, malamin da ya zo daga wata makaranta ya yi tambayar da abokinmu yake tsoro, wato me ya sa muka koma waya a zamanin da komai ya zama babu waya. Mun nuna masa shafin lissafin wuta da na jinkiri, da hotunan kwalin matattun fad. Daga nan ya zaɓi maɓalli ɗaya da kansa ya ce mu ɗauka ya mutu, abokin aikina ya kwance sukuru huɗu, ya zare wayoyi biyu, ya sa sabo, ya rufe, wasan da ke kan laftof bai ko tsaya ba. Ya nemi mu ƙara jadawalin kayan gyara da inda ake samun kowanne a rahoton kafin a ɗinke shi, ya kuma ce a fito da zanen faifan sama da ma'auninsa cikakke a shafi guda, domin wani kafinta ya iya yankawa ba sai ya ga na asali ba. Na'urar da muka kare ta zama mallakar sashe, kamar yadda dokar makaranta ta tanada, don haka muka fara haɗa ta biyu domin ƙanena. Akwatinta da fatar sanda sun kammala, a wannan karon da ramukan jona maɓalli a gefen hagu maimakon baya, saboda ya ce wayar madannin ƙafa tana harɗe masa gwiwa, kuma allon Pro Micro na biyu kawai muke jira ya iso daga Legas.